Filin Tambaya da Amsa: Ruwanmu garau yake, dole sai an kai shi lab?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da damina. Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan duk akan ruwan sha ne, kuma ban yi mamaki ba, dama haka ake duk shekara da zarar ruwa ya kankama a Kano, kwatoci sun cika sun tumbatsa, yara sun fara gudawa, sai kowa ya tuna da rijiyarsa da bohol ɗinsa. Masu kama da juna na haɗe su, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba, unguwa kawai na bari.

TAMBAYA: Salam, dan Allah ina da tambaya. Rijiya ce a tsakar gidanmu tun ta kakan mijina, ruwanta garau ga sanyi ga daɗi, amma yarana kusan kullum cikin ciwon ciki da gudawa suke, ance taifod ne anyi allurai ya sake dawowa. Nace da maigidan mu kai ruwan a gwada yace ai ruwan da bai canja kala ba, bai canja ɗanɗano ba, baya wari, mai tsarki ne ko a littafi, wai ɓarnar kuɗi ce kawai. Ya gaskiyar abin yake? — wata uwa daga Rijiyar Lemo

AMSA: Wa alaikissalam 'yar'uwa, Allah ya ba yaran lafiya. Maganar maigida tana da asali, siffofin nan uku, launi da ɗanɗano da wari, su malamanmu na fiƙihu suke dubawa wajen ruwan alwala da wanka, wannan fagensu ne bazan shiga ba. Amma ke abinda kike tambaya daban ne, kina so ki san in yaro ya sha ruwan nan zai kwanta ko bazai kwanta ba, to a nan kam ido da harshe da hanci basu isa su yanke hukunci ba. Ƙwayar taifod da ta kwalara basa sa ruwa ya gurɓace a ido, basa ɗaci basa wari, zasu iya kasancewa a kofin da kika miƙa wa yaro ruwan yana nan garau abinsa.

Abu na farko da muke nema a lab wata ƙwaya ce da ake kira E. coli. Mazauninta hanjin mutum da na dabba, saboda haka in an ganta a ruwa ma'anarsa bayan gida ya samu hanyar shiga ruwan nan, kuma duk hanyar da ita ta bi ta shigo, taifod da kwalara da ciwon hantar nan mai sa shawara suma zasu iya bi. Shiyasa bama tsayawa farautar kowace cuta ɗaya bayan ɗaya, ita muke nema. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya, wadda hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta fitar a 2007 aka sabunta ta a 2015, ana kiranta NIS 554, cewa tayi kada a samu ko guda ɗaya a cikin mililita 100 na ruwa. Ba biyu ba, ba ɗaya ba, sifili. Hukumar Lafiya ta Duniya ma haka tace.

Yadda ake yi kuwa, ana auna mililita 100, wajen rabin kofin shayi kenan, a tace shi ta wata 'yar farar takarda zagayayya mai ƙofofin da ruwa ke wucewa amma ƙwayar bata wucewa, sai a ɗauki takardar da ɗan hantsakin da aka ƙona bakinsa a wuta, a kwantar da ita a ƙaramin faranti mai abincin ƙwayoyin, a rufe a saka a akwatin ɗumi mai zafin digiri 44 ya kwana. Washegari duk ƙwaya ɗaya da ta maƙale ta hayayyafa ta zama ɗigo wanda ido ke gani, sai a zauna a ƙirga. Ruwa mai kyau takardar fes zata fito babu komai. Na sha ganin ruwan rijiyar da babu mai ƙin shansa in ya gani a kwalba, amma da safe ka buɗe farantin ɗige-ɗigen sun haɗe da juna har basa ƙirguwa, sai dai a rubuta sun wuce ƙirge, kuma wallahi duk sanda na ga irin wannan yaran gidan nake fara tunawa.

Ta ina yake shiga? Masana suna ba da shawarar a bar tazarar mita 30 tsakanin rijiya da ramin masai, to fisabilillahi gida nawa ne a cikin gari yake da wannan filin, ko naku masan yana can ƙarshen gida, na maƙota yana nan bayan katanga dab da rijiyar, kuma a ƙarƙashin ƙasa babu katanga. Da damina ruwan ƙasa yana tasowa sama ya haɗu da ramin masai da sokawe, shiyasa rijiyar da take lafiya lau a watan Maris zata iya lalacewa a Agusta. Ga kuma na sama, guga da igiya a yashe a ƙasa inda kaji da awaki ke yawo, rijiya ba murfi, bakinta ya tsattsage ruwan wanke-wanke yana komawa ciki.

Shawarata ki kai samfur biyu, ɗaya kai tsaye daga rijiyar, ɗaya daga randar da kuke sha. Sau da yawa rijiyar da ɗan dama-dama, randar ce tafi muni, saboda moɗa ɗaya kowa na tsomawa har da hannun yaron da ya fito daga banɗaki bai wanke da sabulu ba. In matsalar randa ce kinga gyaran yana hannunki, bokiti mai murfi da ɗan famfo a jiki ya wadatar. Kafin sakamako ya fito kuma kada ki jira, ki riƙa tafasa na sha ya tafasa sosai yana ɓulɓula kamar minti ɗaya, ko ki sa maganin kilorin na tsaftace ruwa irin Aquatabs ko WaterGuard yadda aka rubuta a jiki ki bar shi minti 30 kafin a sha. Yaran kuma a koma dasu asibiti gurin likita, gwajin jinin nan na Widal shi kaɗai baya tabbatar da taifod, kuma duk yaron da ke gudawa a fara masa ruwan gishiri da sukari tun a gida. Shi kuma maigida a lallaɓa shi, ki lissafa masa abinda ya kashe a allurai bana kawai.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Mu a Sharada muke ba nisa da kamfanonin fata, bohol muke sha, wani lokacin in iska ta kaɗo warin kwatar kamfanonin har ɗaki. Mahaifiyarmu tana tafasa ruwan kullum tace shikenan an kashe komai. Hakane? — wani ɗalibi daga Sharada

AMSA: Allah ya saka wa Mama da alheri, tafasawar da take tana kashe ƙwayoyin cuta kuma taci gaba. Amma abinda ake tsoro a unguwanni irin naku ba mai rai bane balle wuta ta kashe shi. Kamfanonin jima suna amfani da sinadarin kuromiyom wajen jeme fata, ga masu rini, ga masu fasa tsohon batirin mota suna narka dalma, duk wannan in ya shiga ruwa ko ka kwana kana tafasawa yana nan, ruwan ne ma zai ragu ya tafi a tururi shi kuma ya ƙara kauri a abinda ya saura a tukunya.

Kano tana da manyan unguwannin masana'antu uku, Sharada da Challawa da Bompai. Dattin Bompai yana bi ta Getsi ya haɗu da Jakara, na Sharada da Challawa kuma yana gangarawa ɓangaren kogin Challawa, kuma masu bincike a jami'o'inmu sun daɗe suna auna waɗannan rafuka suna samun ƙarafa masu guba a ciki. Wannan ba yana nufin duk bohol ɗin Sharada ya lalace ba, kar in ɗaga maka hankali a banza. Ya danganta da zurfinsa, da inda ruwan ƙasa ke gangarowa, da kuma ko masu haƙar sun zuba siminti sun toshe gefen bututun daga sama ko kuwa sun bar shi haka ruwan kwata yana silalewa ta gefe yana sauka. Gida biyu a layi ɗaya sakamakonsu zai iya bambanta. Babu mai iya faɗa maka daga nesa sai an auna.

Ka ga yadda ƙa'idar take da tsauri, kuromiyom kada ya wuce miligiram 0.05 a lita, dalma 0.01, kadmiyom 0.003. Ita dalmar in ka lissafa giram ɗaya ne tal a cikin lita 100,000, wato jarka mai lita 25 guda 4,000. Wane harshe ne zai ɗanɗana wannan? Kuma illarta a hankali take, tana taruwa a jiki, ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro karatu ya riƙa yi masa wuya, ta taɓa jini da ƙoda. Duk mun tuna Zamfara a 2010 lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400, can ɗin dai ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ce babbar hanyar, amma dalmar ɗaya ce.

Akwai kuma naitiret, shima tafasawa ƙara shi take. Daga masai da taki yake zuwa, iyakarsa miligiram 50 a lita, babba bazai ji komai ba amma jaririn da bai kai wata shida ba in ana dama masa madarar gwangwani da irin wannan ruwan jininsa yana kasa ɗaukar iska yadda ya kamata har leɓensa ya canja kala. In akwai jariri a gidan wannan ƙarin dalili ne na barinsa akan nono zalla.

In zaka kai, kace a duba maka kuromiyom da dalma da kadmiyom da naitiret, ka kuma tambaye su ko suna da injin AAS, shine wanda ake fesa ruwan a cikin harshen wuta ya karanta adadin ƙarfen, don ba kowane lab ke dashi ba, wasu karɓa suke su tura wani guri. Yawanci kowane ƙarfe kuɗinsa daban, to ku haɗu gida huɗu biyar masu shan bohol ɗaya ku yi karo-karo. In an samu ya wuce iyaka a daina sha da girki dashi, a kai takardar gurin mai unguwa da ma'aikatar muhalli, don wannan ya wuce matsalar gida ɗaya.

TAMBAYA: Na ɗebi ruwan bohol ɗina a robar lemo na wanke ta tas da omo, na ajiye a but ɗin mota, washegari da yamma na kai lab suka ƙi karɓa wai in sake ɗebowa. Anya ba wulaƙanci bane? — wani magidanci daga Hotoro

AMSA: Ranka ya daɗe ba wulaƙanci bane, taimakonka suka yi, lab ɗin da zai karɓi wannan robar ya baka takarda shi ya kamata ka guda. Ruwan da ya kwana a but cikin zafin Kano ya riga ya zama wani ruwan, ƙwayoyin ciki ko sun ninka ko sun mutu, ga ragowar sukarin lemo ga ragowar omo, duk lambar da aka rubuta maka ta robar ce ba ta bohol ɗinka ba.

Ka fara zuwa lab ɗin su baka tasu kwalbar wadda aka riga aka kashe ƙwayoyin cikinta, kar ka buɗe sai a bakin famfo, kar ka ɗauraye ta. Cire tiyo in akwai, goge bakin famfon da sifirit, in na ƙarfe ne a ɗan kara masa wuta, ka bar ruwan ya zuba kamar minti biyu zuwa uku, sannan ka tara ba tare da yatsanka ya taɓa bakin kwalbar ko cikin murfin ba, kar ka cika ta fal ka bar ɗan sarari a sama. Rubuta guri da rana da ƙarfe nawa ka ɗiba, saka a kula da ƙanƙara, kai tsaye sai lab, cikin awa shida yafi, in ya wuce awa 24 kam an yi asara. In ruwan famfo ne mai kilorin ka faɗa musu tun farko, akwai maganin da suke ɗigawa a kwalbar ya kashe ƙarfin kilorin ɗin, in ba haka ba zai ci gaba da kashe ƙwayoyin a hanya sakamako ya fito da kyau na ƙarya. Na ƙarafa kuma robarsa daban, su zasu ɗiga mata asid. Kuma ka kai da safe a farkon sati, kar ka kai ranar Juma'a da la'asar.

Wasu sun tambayi ina za'a kai. Akwai sassan kimiyya na jami'o'i kamar BUK, akwai lab na hukumomin ruwa, akwai masu zaman kansu. Duk inda kaje ka tambaya wa zai sa hannu a takardar, in mai rajista da IPAN ne, wato cibiyar masu gwaji da doka ta amince dasu, to da sauƙi. Takardar kirki zaka ga kowane abu da aka auna da lambarsa, a gefe kuma iyakar da NIS 554 ta sa, da ranar ɗiba da ranar gwaji. Wadda aka rubuta ruwan yana da kyau kawai aka buga hatimi babu lamba ko ɗaya, ka mayar musu.

TAMBAYA: Wasu masu tallan injin tace ruwa sun zo gidana, suka tsoma wani abu mai ƙarafa a kofin ruwanmu suka jona a wuta, kafin minti biyu ruwan ya koma ja-ja da kore da wani datti yana yawo, nasu kuma da suka sa bai canja ba. Sun kuma tsoma wani abu kamar biro ya nuna 280 sukace guba ce. Tun ranar na kasa shan ruwan gidana. — wata Hajiya daga Zoo Road

AMSA: Hajiya kwantar da hankalinki, wannan abin yana ɓata min rai matuƙa don tsorata mutane ake ana karɓe musu kuɗi. Dattin da kika gani ba daga ruwanki ya fito ba, daga ƙarfen da suka tsoma ne. Duk ruwan rijiya ko bohol yana da ɗan gishirin ƙasa a narke, irinsu kalsiyom da magniziyom, wannan ke sa lantarki ya iya ratsa shi, to da lantarkin ya ratsa sai sandar ƙarfen ta fara narkewa tana tsatsa a cikin kofin, shine jan da koren. Nasu ruwan an cire masa gishirin gaba ɗaya lantarki baya wucewa shiyasa bai canja ba. In sun dawo ki ɗebo gishirin miya ɗan kaɗan ki barbaɗa a nasu kofin kice su sake jonawa, a gabanki zai koma irin naki.

Shi kuma biron jimillar abinda ya narke a ruwa kawai yake ƙiyastawa, bai san bambancin mai amfani da mai cutarwa ba. Ƙa'idar Najeriya ta yarda har miligiram 500 a lita, kinga 280 bata ma kusa ba. Kuma baya ganin ƙwayar cuta sam, baya ganin dalma a ɗan adadin da take cutarwa, ruwan sama da ya wanko kashin tsuntsu daga kan kwano zai nuna lamba 'yar ƙarama ya wuce a matsayin mai kyau. Wannan ɗin ma baya nufin ruwanki lafiya lau yake, abinda nake cewa gwajinsu bai nuna komai ba, ko alheri ko sharri.

Injin tace ruwan da ake kira RO shi kansa ba laifi gare shi ba, yana cire naitiret da ƙarafa sosai, wanda lab ya nuna masa yana da wannan matsalar ya saya. Amma yana zubar da ruwa da yawa, yana son wuta, kuma in ba'a canja filtocinsa akan lokaci shi da kansa zai zama matattarar ƙwayoyi. A fara gwaji tukunna sannan a san irin maganin da za'a saya.

TAMBAYA: Ina shirin buɗe gidan fiya wata, na haƙa bohol na sayi inji. Wani abokina yace kar in wahalar da kaina da NAFDAC yanzu, in fara da ledar wani kamfani mai lamba muna biyansa wani abu, in kasuwa ta buɗe sai inyi tawa. Meye shawara? — wani Alhaji daga Dawanau

AMSA: Alhaji Allah ya sa albarka a nema, amma wannan shawarar kar ka ɗauka. Lambar NAFDAC ba ta haya bace, an bayar da ita ne ga wannan sunan, da aka yi a wannan ginin, da ruwan wannan bohol ɗin da jami'ai suka je suka gani suka ɗebi samfurinsa. In ka zuba naka ruwan a ledar wani jabu kayi a idon doka, ana rufe guri akan haka a kwashe kaya, shi mai lambar ma ya jawo wa kansa. Wannan na hukuma kenan. Na tsakaninka da Allah kuma, mai sayen fiya wata a bakin asibiti ko a tasha lambar nan yake gani ya yarda, tun zamanin marigayiya Dora Akunyili da ta riƙe hukumar daga 2001 zuwa 2008 aka koya wa mutane duba ta, kai kuma ka san ruwanka babu wanda ya taɓa gwada shi. Algus ne.

Hanyar ba ɓoyayya bace. Rajistar kamfani da CAC, rajistar sunan ruwan, sai ka cike takardu ta intanet a shafinsu na NAPAMS, su sa rana su zo duba guri. Zasu duba nisan bohol da sokawe, tsarin ɗakunan, ƙasa da bango masu wankuwa, gurin wanke hannu da canja kaya, takardar gwajin lafiyar ma'aikata, da layin tacewar kansa, tankin yashi, na gawayi, ƙananan filtoci, sannan fitilar UV mai kashe ƙwayoyin cuta. Su ɗebi samfur su kai nasu lab, ɗaya daga cikin manyan yana nan Kaduna. Suna da ofis a Kano, kaje da ƙafarka ka tambaya, ka rabu da 'yan tsakiya masu cewa kawo kuɗi in fito maka da lamba cikin sati.

Kafin ma ka kira su ka kai ɗanyen ruwan bohol ɗin a yi masa cikakken gwaji, don shi zai gaya maka irin tacewar da kake buƙata, wani ruwan ƙarfe ne yayi masa yawa, iyakarsa miligiram 0.3 a lita, wani tsami ne, ana so ma'aunin pH ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5, kowanne da maganinsa.

Inda aka fi faɗuwa kuma bayan an samu lambar ne. Ranar da jami'ai zasu zo komai sabo kowa da hula da safar hannu, bayan wata shida filta ta toshe an cire ta an haɗa bututun kai tsaye don kar aiki ya tsaya. Fitilar UV ita tafi yaudara, zaka ganta tana haske shuɗi kace tana aiki alhali ƙarfin kashe ƙwayarta ya ragu, wajen shekara guda ake canja ta ko bata mutu ba, kuma gilashin da ke rufe da ita in yayi datti hasken baya isa ruwan. Ka ajiye littafi, ranar canja filta, ranar wanke tanki, ranar kai samfur lab, ka riƙa buga lambar rukuni da kwanan wata a leda, kar kuma a jibge jakunkuna a rana ko a ƙasa. Mai yi maka aikin injin ka biya shi da kyau ka kuma bashi ikon tsayar da aiki in ya ga ba daidai ba.

TAMBAYA: Ruwan famfo in yazo yana warin magani, yarana basa son sha. Yana da illa? — wata malama daga Gwale

AMSA: Malama wannan warin kilorin ne kuma alama ce mai kyau. A matatun ruwa irin na Tamburawa da Challawa ruwan kogi ake jawowa, a sa alif datti ya kwanta, a tace da yashi, sannan a sa kilorin, kuma da gangan ake barin ɗan saura wajen miligiram 0.2 a lita ya rako ruwan har gida saboda abinda zai iya haɗuwa dashi a hanya. Ki tara a bokiti mai tsafta ki rufe ya ɗan jima warin zai ragu. Abinda zaki kula dashi shine ruwan farko bayan an daɗe ba'a kawo ba, bututun da ya zauna ba ruwa yana iya zuƙo na kwata ta inda ya fashe, musamman irin ƙananan bututun da ake bi dasu ta cikin lambatu. Ki bar na farkon ya zuba har ya washe, ayi shara ko ban ruwan shuka dashi.

TAMBAYA: Mu kwamitin masallaci ne, wani bawan Allah ya haƙa mana bohol sadaka shekara biyar kenan, unguwa duk nan ake ɗiba har 'yan garuwa. Lokacin da aka haƙa an gwada muna da takardar. Akwai buƙatar sakewa? — sakataren wani kwamiti daga Kurna

AMSA: Akwai Malam, sosai ma. Allah ya saka wa wanda ya haƙa, ku ma Allah ya biya ku. Takardar nan shaidar ruwan wannan ranar ce ta shekara biyar da suka wuce, daga lokacin zuwa yau gidaje nawa aka gina kewaye da ku, sokawe nawa aka haƙa, sau nawa aka zaro famfon aka gyara aka mayar da hannu da igiyar da ta sha ƙasa? Na ƙwayoyin cuta ku riƙa yi aƙalla sau ɗaya a shekara, inda hali sau biyu, ɗaya da rani ɗaya a tsakiyar damina, sannan duk sanda aka yi ambaliya ko aka buɗe bohol ɗin aka yi gyara ko kuka ji gudawa ta yi yawa a unguwa. Na ƙarafa da sinadarai basa saurin canjawa, ana iya jinkirta su, sai dai in an buɗe wata sana'a kusa daku irin rini ko wankin mota ko fasa batir.

Na matsa akan naku ne saboda yawan masu sha. Rijiyar gida in ta lalace gida ɗaya ne, naku kuwa kurar ɗan garuwa ɗaya tana raba shi gida goma. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a ƙasar nan, sama da 3,000 suka rasu, kuma Kano tana cikin jihohin da abin yafi tsanani, wanda ya leƙa Asibitin Zana, na masu cututtuka masu yaɗuwa, a lokacin ya san me nake faɗa.

Ku ɗebi samfur a guri biyu, daga bakin bohol kafin ya hau tanki da kuma daga famfon da ake tara jarka, don sau da yawa tankin ne, murfi ya karye ƙadangare ko tsuntsu ya faɗa ba wanda ya hau ya duba. A riƙa wanke shi da kilorin kamar duk wata shida. Tiyon da ake cika jarkoki dashi a samo masa ƙugiya a rataye kar ya kwanta a taɓo, a gyara magudanar gurin ruwa ya daina kwanciya a gindin bohol. 'Yan garuwar kuma ku zauna dasu cikin mutunci, mutane ne masu neman halak da ƙarfinsu, ku leƙa cikin jarkokin tare, wadda tayi gansakuka a wanke ta da ruwan kilorin, wadda aka taɓa zuba fetur ko wani sinadari a cire ta daga aiki, kuma kowace jarka a nema mata murfi maimakon ledar da ake cusawa. Kuɗin gwajin a sanar bayan sallar Juma'a a tara, in sakamakon ya fito ku yi hotonsa ku manna a jikin ginin tankin da kwanan watansa yadda duk mai ɗiba zai gani.